Darasin hanyoyin bincike da ɗalibanmu ke rainawa

A kasuwar Farin Gada da ke Jos, mai sayar da buhun dankalin Turawa yakan fara da ambaton farashin da shi kansa ya san ba za a biya ba. Kai kuma ka taya, ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita, ka tafi kana ganin ka yi ciniki. Abin da ba ka lura da shi ba shi ne, kuɗin da ya fara faɗa ya zama turke, duk tayin da ka yi a gefensa ka yi ta kewayawa kamar ɗaurarriyar akuya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. A shekarar 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa wani gwaji a mujallar Science, inda ake juya wa mutane faifai mai lambobi, ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan a tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun kintaci kusan kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuwa kusan kashi 45, alhali faifan ba shi da wata alaƙa da tambayar. Irin wannan aikin ne ya kai Kahneman ga lambar yabo ta Nobel a 2002.

Ana koyar da wannan tun a shekarar farko ta karatun ilimin halayyar ɗan Adam, tare da darasin hanyoyin bincike. Damuwata ita ce yadda ɗalibai ke haddace sunayen irin wannan karkatar tunani, wato kura-kuran da hankali ke yi wajen yanke hukunci, domin jarrabawa, su kuma ɗauki hanyoyin bincike a matsayin lissafin da za a tsallake a manta. A ganina sun bar jaki suna dukan taiki, domin sanin sunan cuta ba ya warkar da ita, kuma hanyoyin binciken su ne maganin.

A 1960 Peter Wason ya ba ɗalibai 29 a Landan lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce suna bin wata ƙa'ida, su kawo nasu lambobin yana gaya musu ko sun dace, har su gano ta. Yawancinsu sai suka ƙudura cewa ƙarin biyu-biyu ne, suka yi ta kawo 8, 10, 12 da makamantansu, ana ce musu daidai, suna ƙara samun tabbaci. Ƙa'idar kuwa ita ce kowane lambobi uku masu hawa. Shida kawai suka gano ta a faɗar farko. Sauran ba rashin basira ya kayar da su ba, sun ƙi gwada abin da zai iya ƙaryata su ne.

Duk wanda ya zauna a Jos lokacin rikicin 2001 ko 2008 ko 2010 ya san wannan hali ba a takarda kaɗai yake ba. Kowane ɓangare yana riƙe da lissafin abin da aka yi masa, yana kuma saurin manta maƙwabcin da ya ɓoye iyalin wani addini a ɗakinsa. Yau saƙo guda na WhatsApp da ya yi daidai da abin da mutum ya riga ya yarda da shi kan ratsa unguwa kafin a idar da sallar isha'i, ba tare da wani ya tambayi ranar da aka ɗauki hoton ba. Muna cewa gani ya kori ji, amma ido ma yana zaɓen abin da zai gani.

Abin da darasin hanyoyin bincike ke koyarwa ba mai wuya ba ne. Ka rubuta tun farko sakamakon da zai nuna ka yi kuskure. Ka zaɓi waɗanda za ka tambaya ta hanyar ƙuri'a maimakon abokan ɗakinka. Idan an ce wani jiƙo yana maganin mura, ka kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, tunda mura kan tafi da kanta cikin mako guda ko makamancin haka, kuma faruwar abu bayan wani ba ta nufin shi ya jawo shi.

Wani zai ce masanan ma suna kuskure, kuma gaskiya ne. A 2015 wata tawagar masu bincike ta sake gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallun fannin, kaɗan fiye da kashi ɗaya cikin uku ne suka maimaita sakamakonsu. Sai dai da waɗannan hanyoyin ne aka bankaɗo raunin. Haka kuma Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa kusan kashi 96 na mutanen da ake gwaji a kansu daga ƙasashen Yamma suke. Saboda haka muna buƙatar bincike namu, da Hausa da Berom da Ngas, a kan mutanenmu.

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Na taɓa ganin ɗalibai biyu a wata makaranta suna zaune a gindin bishiya da tarin takardun tambayoyi, suna cike su da kansu, suna sauya biro don kada rubutun ya yi kama. Da na yi musu magana, ɗaya ya ce mini, "Malam, idan sakamakon bai yi daidai da hasashenmu ba za a dawo mana da aikin." Ban ɗora musu laifin su kaɗai ba. Ina roƙon malaman da ke duba ayyukan kammala karatu su bayyana wa ɗalibi tun ranar farko cewa binciken da ya rushe hasashensa zai samu cikakken maki, muddin an tattara bayanan da gaskiya.