Aikin gida ya ci lafiyata, yanzu kuma tara na son cin jarina

Wallahi na gaji, kuma yau sai na faɗi abin da ke raina ko zan samu sauƙi. Shekara uku ke nan ina aiki daga ɗakina nan Badariya cikin Birnin Kebbi, fassara da gyaran takardu nake yi wa wani kamfani na Legas da wasu mutane biyu a Amurka, kuma duk wanda ya gan ni zaune gida sai ya ce Malam kai kam ka huta, ba ka shan rana ba ka biyan kuɗin kabu-kabu. Wane hutu? Mai zuwa ofis ƙarfe huɗu ya kulle ya tafi gida, ni ofishin nawa yana gefen katifata. Mutanen Legas su fara turo saƙo tun bakwai na safe, su kuma na Amurka muna gabansu da awa biyar ko shida, ƙarfe huɗun yammarsu tara ko goman darenmu ne, lokacin ne za su ce a gyara wanga a sake wancan kafin gari ya waye. Ga wuta da ba a kawowa sai ta ga dama, in anka kawo ƙarfe ɗayan dare dole ka tashi ka sa caji ka kama aiki don ba ka san yaushe za a ɗauke ba, fetur tun da anka cire tallafi a 2023 ba kowa ke iya tada janareta ba, data ma an ƙara mata kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Bayana ya riƙe, idona na ruwa, ɗiyata ƙarama ta daina shigowa ɗakin don ta san abin da za ta ji shi ne je ki ina zuwa.

To a cikin wannan halin ne watan Maris ya wuce ni. Azumi, zafin Kebbi da ke haura digiri 40, hidimar Sallah, ga aiki kamar zai kashe mutum. Ashe duk mai samun kuɗin shiga sai ya cike fom ya bayyana wa hukumar haraji abin da ya samu a shekarar da ta gabata kafin 31 ga Maris. Ni kuma da yake kamfanin na cire kashi 5 cikin ɗari daga duk kuɗin da zai biya ni da sunan haraji, na ɗauka magana ta ƙare. Sai a watan Yuni da na je neman takardar shaidar biyan haraji don wata 'yar kwangila, jami'in ya duba ya ce Malam akwai tara a kanka, naira dubu 200. Na ce Yallaɓai ta me? Ya ce sabuwar dokar da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, wanda bai miƙa bayanansa kan lokaci ba dubu 100 ne watan farko, kowane wata bayan nan dubu 50.

Ban ƙi biyan haraji ba, ku ji ni da kyau. Hakki ne, kuma ana cire mini tun ba yau ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne tarar ba ta san babba ba ta san ƙarami, mai tireloli goma a Jega da ni mai laftof ɗaya da batirinta ya kumbura kuɗi ɗaya za a yanka mana. Dokar nan da kanta ta ce dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, wato an yarda akwai masu ƙaramin ƙarfi, to don me wajen tara anka manta da su? Kuma wa ya zo ya faɗa mana? Lokacin zaɓe har ƙauyen da babu hanya saƙo na isa da Hausa, a rediyo, a masallaci, a kasuwa, amma wannan sai ka faɗa ramin tukuna a ce ai doka ce.

Kamfanin ma ba su kyauta mini ba. Wata biyu ina roƙon su turo mini takardar shaidar kuɗin da sunka cire, kullum za a duba za a duba, alhali in aikinsu ya yi lattin minti goma kira uku zan gani.

Yafiya kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 2017 zamanin Buhari an buɗe shirin VAIDS, duk wanda ya fito da kansa ya bayyana abin da ake bin sa an yafe mishi tara da kuɗin ruwa, har anka ƙara wa'adin zuwa ƙarshen Yunin 2018. A Disambar 2023 ma hukumar haraji ta tarayya ta sake yafe tara ga wanda ya biya asalin bashinsa kafin shekara ta ƙare. In an yi wa manyan kamfanoni, me zai hana a yi wa wanda da ƙafarsa ya shigo ofis a shekarar farko ta sabuwar doka?

Na rubuta takardar roƙo, na haɗa da bayanan banki na wata 12, na sa an buga mini hatimin karɓa a kwafina, don in an ba ka takardar kimantawa, wato wadda ke nuna kuɗin da ake bin ka, kwana 30 kawai gare ka ka yi ƙorafi a rubuce, maganar baki ba ta zama hujja. Na ce a yafe, in ba za a yafe ba a rage a bar ni in biya kaɗan-kaɗan. Sati uku ke nan, na koma sau biyu, oga ba ya nan.

Su kuma masu aikin na tura musu saƙo jiya, daga kiran Magariba na rufe kwamfuta sai bakwai na safe, ranar Juma'a bayan masallaci ba ni ba aiki, wanda ke son na dare ya biya kuɗin dare daban. Ɗaya daga na Amurka bai amsa ba har yanzu, mai yiwuwa na rasa shi, Allah ya musanya. Litinin in Allah ya kai mu ƙarfe takwas ina bakin ofishin nan da kwafina a hannu, kuma ba zan tashi ba sai na ga ogan da idona.