Ku Nemi Tsamiya, Ku Yi Dama

A shekarar 1989 na kwashe iyalina daga cikin birnin Kano muka koma Rimin Gata, can kan hanyar Gwarzo, kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Kuɗin haya ne ya koro ni. Lokacin tsarin SAP na Babangida, wato shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatinsa, ya riga ya leƙa tukunyar kowa, shi kuma mai gidan da nake haya duk ranar da ya jiyo ƙamshin miya daga sashenmu sai ya tuna yana son ƙari. Da na faɗa wa mahaifiyata inda na sayi fili, sai ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya tsare ku da kuraye." 'Yan'uwa kuwa sallamar da suka yi mana, sai ka ce masu tafiya Makka a ƙafa.

Ɗaki biyu na ƙasa na fara ginawa, da zaure, na zagaye da dangar kara. A ɓangarenmu gidaje ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk gonakin dawa ne da gero da rogo. Sai wata ƙatuwar tsamiya a bakin hanya, wadda ta taya ni renon 'ya'ya bakwai. A inuwarta suka yi karatun allo, 'ya'yanta muke jiƙawa mu yi kunun buɗe-baki da azumi, in kuma yaro ya ƙi ji, a jikinta nake karyo tsumagiya. Babban ɗana daga kanta ya faɗo ya karye, mai ɗori ya gyara shi, bayan sati shida ya koma ya hau. Daren da aka haifi Auta ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, babu mota babu dalilinta, na tafi ɗauko ungozoma a keke, muka faɗa kududdufi ni da ita da keken. Har ta koma ga Allah, duk inda ta gan ni sai ta tambaye ni takalminta ƙafa ɗaya.

Sannu a hankali birnin da na gudo wa ya biyo ni. Dillalai suka shigo, gonaki suka koma fulotai, aka yi ta awon igiya, kowa ya dasa bulonsa inda ya ga dama. Malaman jami'a da ɗalibai da 'yan kasuwa suka cika wurin. Kura ta daina kuka, janareto ya karɓe ta. Ni kuwa na yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, duniyata ta koma gida, masallaci, sai majalisarmu ta ƙofar mai unguwa, dukansu a layi ɗaya. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, in zan shiga gari yarona ne yake ɗaukata a mota, ni kuma da mota ta tashi sai gyangyaɗi. Ashe shekaru ke nan ban taka tsohuwar hanyarmu da ido biyu ba.

To, ranar da magabatan mai neman Auta za su zo daga Haɗeja da kayan sa rana, ƙanena ya taso daga birni tun da safe, tunda shi ne waliyyi. Maman yara ta yi waina da miyar taushe, an yanka zakaru biyu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka bugo waya, sun iso Kabuga. Auta ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Baba, ko in tura musu lokeshan ta waya?"

Raina ya ɓaci. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a wuri, a ce sai waya ce za ta nuna gidana? Na ce ta koma ciki. Na gyara murya na ce wa kawun yaron, "Alhaji, abu ne mai sauƙi. Ku miƙe hanyar Gwarzo, ku wuce Rijiyar Zaki. In kun zo daidai jami'a ku sauka daga kwalta, ku nemi tsamiya, ku yi dama. Za ku ga kududdufi, sai gonar rogo, gidan da ke bayanta mai zaure shi ne nawa. Makaho ma ba zai ɓata ba."

Ya kamata sunan Rijiyar Zaki ya ankarar da ni, don duk zamana ban taɓa cin karo da zakin ba. Amma ina!

Bayan rabin awa waya ta sake ƙara. Wai sun tambayi tsamiya, wani matashi ya raka su har gaban wata mata mai sayar da ita kwano-kwano. Na ce su ƙyale yaran zamani, su tambayi gidan Malam mai 'ya Auta. Nan na ƙara kwaɓa ta, don a ƙasar Hausa wane gida ne babu Malam, wane gida ne babu auta? Aka kai su wani gida, aka yi musu shimfiɗa, aka kawo ruwan sanyi, har sun kwance ƙullin goro suna ta "mun zo neman iri", shi kuma maigidan yana ta murmushi yana kallonsu. Sai da suka gama ya ce ya ji daɗin zuwansu ƙwarai, amma autansa namiji ne, ga shi can yana wankin babur, har da gemunsa.

Na zura babbar riga, na kafa hula, na ce wa ƙanena bari in je in taho da su da kaina. Wayar ma a kan tabarma na bar ta.

Sau biyu kawai na sha kwana, sai na tsinci kaina a wata duniya. Katanga ta dama, katanga ta hagu, kowane gida da baƙin get iri ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Inda na san kududdufi yake, bene ne hawa biyu. Gonar rogo ta zama makarantar kuɗi. Na ɗaga kai ina neman kan tsamiya, ba abin da nake gani sai tankunan ruwa da farantan sola. Na ce to in koma gida in ɗauko waya, sai na ga lungun da na fito ma ya haifi 'yan'uwa uku.

Tambaya kuma ba zan yi ba. Ni da nake ba mutane tarihin unguwa a majalisa? Sai na saɓa hannun riga na riƙa tafiya da ƙarfi irin ta mai uzuri, ina ɗaga wa mutane hannu kamar na san su. Sau uku ina wuce wani mai shayi. A na ukun ya ce, "Baba, in motsa jiki ne likita ya ce, ai ya isa haka, zo ka zauna." Na yi kamar ban ji ba. Rana ta take, gwiwa ta fara magana, 'yan ga-ruwa suna ta yi mini "hanya, hanya" da kurarsu.

Ina tsaye a inuwar wani shagon cajin waya ina share gumi, sai ga wani yaro da bai fi shekara goma ba, ya ƙare mini kallo ya ce, "Baba, baƙo ne kai?"

"Baƙo? Kai, ina nan aka haƙa harsashin gidan ubanka!"

"To ina za ka?"

Na faɗa masa sunana, ya girgiza kai. Na ce gidan da ke kusa da tsamiya, ya ce wace tsamiya. Na sassauta murya na ce gida ne mai zaure, akwai awaki a ƙofa. Sai idonsa ya yi haske. "Au, gidan ƙasa! Gidan tsohon nan mai ƙwace ƙwallo in ta faɗa masa?"

Na haɗiye yawu na ce, "Shi."

"Wurinsa za ka? Baba, ka yi a hankali, ba shi da kirki."

Ya kama hannuna, lungu biyu kacal sai ga awakina suna tuƙa. Ina shiga zaure na tarar baƙi sun zazzauna, farantan waina sun koma fayau, daga zakaru sai ƙashi. Ashe ina fita Auta ta tura wa saurayin lokeshan, minti biyar suka iso. Ƙanena har ya karɓi kaya, an tsayar da rana bayan Babbar Salla, an shafa fatiha. Kawun yaron ya miƙe da ladabi ya ce, "Malam, sannu da hanya. An sha nisa?"

Da na shiga cikin gida na tambayi maman yara wanda ya sare tsamiya ba da sanina ba. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Malam, yau shekara takwas. Kai da kanka ka sayi itacenta amalanke guda, da shi muka dafa abincin sunan jikanka. Har cewa ka yi itacen yana da ci."

Yaron kuwa yana nan tsaye a ƙofar zaure, ya gane ko wane ne tsohon, amma bai gudu ba. Na miƙa masa naira ɗari ya ƙi karɓa. Sai da na buɗe tsohon rumbu na fito masa da ƙwallo huɗu.

Da baƙi suka tashi tafiya na raka su bakin mota, ba nisa, inda nake iya hango awakina. Ina ji kawun yana waya da matan da za su kawo lefe, ya kare baki da hannu wai kada in ji: "A'a Hajiya, ku manta da tsamiya. In kun sauka daga kwalta, duk yaron da kuka gani ku ce ya kai ku gidan tsoho mai ƙwace ƙwallo."