Sabar imel ta kwanta, ku daina ɗora wa netwok laifi

Ƴan uwa masu kula da kwamfutocin ofisoshi nan Katsina, don Allah mu gaya wa kanmu gaskiya. Da imel ya tsaya sai ka ji ai netwok ne, ko wuta ce ta yi wasa, a kashe sabar, wato kwamfutar da ke karɓa da tura wasiƙun ofis, a kunna, ta ɗan yi numfashi ta sake kwantawa, haka za a wuni oga na ta kira a waya ba wanda ya buɗe log, inda sabar ke rubuta abin da ya faru, ya karanta. Abin nan yana ci mani rai wallahi.

Sau da yawa saƙo ne ya rasa hanya. An saita adireshi ya riƙa tura wa wani, shi kuma wancan an saita shi ya maido, ko MX ɗin da ke DNS, wato bayanin da ke faɗa wa duniya injin da ke karɓar wasiƙunku, yana nuna injin da bai san wasiƙun nashi ba ne. Kamar ɗan aike ne, ka ce je wurin Malam, Malam ya ce koma wurin wanda ya aiko ka.

To wannan ma da sauƙi, don duk inda saƙo ya bi sai an buga mashi tambari a kai, Postfix, wato manhajar da ke tura imel a sabar, in ya ƙirga suka wuce 50 sai ya yanke ya maida wa mai shi. Wadda ke kashe sabar ita ce amsa mai tura kanta da ba a saita ta daidai ba, wancan ya tafi hutu, wannan akwatin kuma yana cewa mun samu saƙonka, kowace amsa sabon saƙo ce, ƙirga ta koma farko, su kwana suna gaisawa har diski ya cika maƙil. Kashewa da kunnawa ba ta taɓa layin saƙonnin da ke jiran a tura su, yana nan kwance a diski yana jiranka.

Ka buga df -h ka ga wurin da ya rage a diski, ka buga mailq ka ga saƙonnin da ke layi, in ka ga adireshi biyu suna ta maimaituwa shafi bayan shafi to ka kama ɓarawon. Ka tsaida layin da postsuper -h ALL, ka cire turawar, sannan ka tsince shara.

Amma masu goge layin gaba ɗaya don su huta, ku ji tsoron Allah. Cikin tarkacen nan akwai takardar neman aikin wani, akwai ta kuɗin ɗan kwangila, sabarmu ta riga ta ce ta karɓa, wanda ya aiko ba zai sake aikowa ba, shi yana can yana jiran amsa.