Katolikan Sakkwato ba baƙi kaɗai ba ne

Wani marubuci ya ce Katolikan Sakkwato duk 'yan kudu ne da kasuwanci ya kawo, wai mu koma garinmu. Ban yarda ba. Gaskiya Inyamurai suna da yawa a cocin Holy Family, amma je ka ranar Lahadi ka ji 'yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, suna buga tulu, suna waƙa da Hausa tsantsa. Dayosis ɗin Sakkwato, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop, tun 1964 yake, limaman Katolika 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka kafa shi. A 2023 ma daga cikinsa aka yanke dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Musa, Bahaushe. Malam mai cewa mu koma garinmu, don Allah wane garin kake nufi?