Yadda na kusa mayar da uwar mijina mayya

Wallahi duk wanda ya karanta littafi kafin a yi fim ɗinsa ya riƙa kama bakinsa, ni dai na ga ta kaina. Akwai wani littafi da na karanta tun ina budurwa, ɗaya zuwa uku, haya na ɗauko shi a kasuwar Shehu Shagari, labarin wani babban gida ne da yara ke ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ashe kakar gidan ce ke kama musu kurwa. Marubuciyar ta iya ba da tsoro, har yadda tsohuwar ta gaji maitar a nono da yadda ta amayo ƙanƙara kala-kala ranar da aka ritsa ta duk ta zayyana, sati guda na yi ban fita fitsarin dare ba.

To sai ga shi an mayar da shi fim an sa a YouTube. Ranar muna gidan su baban yara a Mabera, zafin Afrilu ya hana kowa zaman ɗaki, aka fito da talabijin tsakar gida, ƙannensa mata da yara duk an baje a tabarma, Inna uwar mijina tana gefe da carbinta da baƙar mussarta kwance jikin ƙafarta. Ni da ya kamata in yi kawaici irin na suruka sai na zama mai fassara, kamar masu fassara fim ɗin Indiya.

Tun farko fim ɗin ya fara ba ni haushi. A littafi gidan ƙasa ne mai zaure uku da tsohuwar tsamiya a bayan gida, a fim kuwa gidan sama ne da tayil da AC, wai nan maita za ta zauna. Kurwar da aka ce an ɓoye cikin tulu sai ga wani koren haske yana yawo kamar fitilar caji, ga waƙa da rawa ana tsakiyar zaman makoki. Wurin da aka sa mayya ta tsallake yaro ba kaya a jikinta kuwa dama na san ba za a nuna ba, hukumar tace fina-finai ta Kano ba ta wasa da irin wannan, na yafe musu.

Da aka nuno kakar sai na kasa haƙuri, na ce ku dube ta da kyau, ita ce mayyar, duk wannan carbin na munafunci ne, kuma ku lura duk tsohuwar da ke ajiye baƙar mussa akwai magana. Tsit aka yi. Ƙanwar mijina ta taka min ƙafa, ni kuma na ɗauka tsoron fim ne ya kama ta, na ƙara da cewa ai a littafin jikokinta ta fara ci.

Ashe masu fim sun juya labarin gaba ɗaya. Kaka ta zama baiwar Allah mai tofa addu'a a ruwa, mayyar kuwa matar babban ɗan gidan ce, wata mai surutun tsiya da ba ta bari kowa ya yi magana. Ni ce matar babban ɗan gidan nan.

Ana cikin tona mata asiri NEPA suka ɗauke wuta, duhu ɗif, sai ji na yi wani abu mai gashi ya dira a cinyata. Ban san lokacin da na miƙe ba ina ihu kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa, kuma da aka haska tocilan waya sai ga yatsana yana nuna Inna daidai.

Ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika ce? Ni am mayya ko mussa?" Na durƙusa na ce Inna wallahi littafin ne. Ta ce awo, ita dai ba ta iya karatun boko ba, amma hilim ta gani da idonta, kuma ta ga wadda aka kama.

Da safe ta aiko min da fura da nono har gida. Baban yara ya tsaya a kaina yana dariya wai in sha mana, ai a littafin ma da fura aka fara.