Wai 'yar tsana ce!

Wanda ya rubuta "kayan wasan yara" a ƙarƙashin hoton da na saka jiya, sannu da ilimi, Farfesa. Wai ƙananan mutum-mutumin yumɓu na Tanagra, wani tsohon gari a ƙasar Girka, kwaikwayon talaka ne, ainihin fasahar Girkawa tana jikin manyan gumakan marmara. To madalla. Ina manyan suke?

Gunkin allahiya Athena da masassaƙi Phidias ya yi da zinariya da hauren giwa, tsayinsa wajen mita 12, ya ɓace. Gunkin allahiya Aphrodite na masassaƙi Praxiteles shi ma ya ɓace. Na tagulla yawanci narka su aka yi. Fararen gumakan da kuke ɗaukar hoto da su, da yawansu kwafi ne da aka sassaƙa a zamanin Rumawa. Kana tinƙaho da kwafi, kana zagin abin da hannun Bagirke ya taɓa.

Ku dubi mutum-mutumin Tanagra na matar nan mai shuɗin mayafi da ke gidan tarihi na Louvre a Paris, wadda aka yi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba ta kai kamu ɗaya ba. Ga malfa a kanta, ga mafici a hannu, ta ja mayafin ya ɗame jikinta, har yau launin bai gama fita ba. Manyan ma fenti aka yi musu, rana da ruwa suka wanke. Ita ce ta riƙe mana shaida.

Za ku ce ai mazubi ɗaya ake yi ana buga su kamar bulo. Sai me? Za ku ce sun ari tsayuwa da naɗin tufafi daga manyan. Eh, sun ara, shi ya sa muke iya hango abin da ya ɓace. Amma tsohuwa mai raino da ɗan wasan barkwanci mai tumbi fa, wane babban gunki ne ya ba su aro? Wallahi abin yana taɓa ni: wani ya sayi 'yar wannan, ya saka a kabarin wanda yake so.

Tanagra ɗin ma a shekarun 1870 aka yi wa kaburburanta wasoso, har jabu ya cika kasuwar Turai. Sai na tuna namu na Nok. Kan mutum-mutumin yumɓun nan da ya isa hannun Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye. Cikinku wa ya taɓa leƙa gidan tarihi na Jos? Farfesa, kai fa?