Y36.5: Lambar da ɗalibanmu ke yi wa dariya

Duk wanda ya yi aikin rekod a asibiti ya san kundin ICD, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa kowace cuta da kowane rauni lamba a cikinsa. Akwai wata a bugunsa na goma (ICD-10), Y36.5, ta raunin da makamin nukiliya ya jawo a fagen yaƙi. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki wajenmu a nan Kano, da sun zo kanta sai dariya, wai ina mu ina nukiliya, mu da maleriya da taifot suka ishe mu. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Amurka, da ta koma amfani da nata tsarin na ICD-10 a ranar 1 ga Oktoba 2015, sai da ta yi wa lambar filla-filla. Y36.51 bugun fashewar ne kai tsaye, 52 ɓaraguzan da suka faɗo wa mutum ko jifan da iskar ta yi da shi, 53 ƙunar zafi, 54 kuma tururin nukiliyar kansa. Lambar da ke biye, in sifili ce soja ke nan, ɗaya farar hula. In a wajen atisaye abin ya faru, Y37.5 ake sawa. Ba ta tafiya ita kaɗai, tana bin lambar ciwon ne, kamar T66 ta ciwon tururin nukiliya, don ta faɗi musabbabi. Sai harafin ƙarshe: A ana tsakiyar magani, D ana bibiya, S kuwa larurar da ta biyo baya. Wannan S ɗin ce ta sa ni rubutu.

Harsashi yana barin tabo, kowa ya gani. Tururin nukiliya sau da yawa ba ya bari. Soja zai yi amai da gudawa a sa'o'in farko, daga nan ya ji garau har ya nemi komawa bakin aiki, alhali ɓargonsa ya daina sarrafa jini. Bayan makonni sai zazzaɓi da zubar jini. Shi ya sa likita ke son sanin ƙarfe nawa aka fara aman, yana kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini a kai a kai cikin kwana biyun farko. Da su ake kintatar yawan abin da ya shiga jiki. Cire kaya kawai yana raba mutum da kusan kashi 90 cikin ɗari na burbushin da ya manne masa. Ƙwayar ayodin da ake ta zuzutawa, gaɓa ɗaya tak take karewa, ta maƙogwaro. In siziyom ne, wani sinadari mai fitar da tururin, ya shiga ciki akwai maganin da ake kira Prussian blue, ga kuma allurar filgrastim mai zaburar da ɓargo. Duk wannan aikin makonni ne. Sankarar jini sai bayan shekaru take lallaɓowa, wasu nau'o'in sankarar ma sai an haura shekara goma, lokacin soja ya yi ritaya, likitan da ya fara ganinsa wataƙila ya rasu. Wa zai shaida? Fayil.

Kuma kada a ce labarin nesa ne. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, Saharar nan da ke turo mana hazo duk hunturu. Gwaji 17 ta yi a ƙasar zuwa 1966. Bayan na uku, a Janairun 1961, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa ta yanke hulɗa. A gwajin Afrilun 1961 an tura sojojin Faransar su yi atisaye kusa da inda bam ɗin ya tashi. Dokar biyansu diyya sai a 2010 ta fito, shekara hamsin cif, kuma sai ka tabbatar kana wurin a lokacin, ciwonka ma yana cikin jerin da aka amince da su. Ingila sai a 2022 ta yarda ta ba nata tsofaffin sojojin lambar girmamawa, suna kuma ta fafutukar a fito musu da sakamakon gwajin jinin da aka yi musu. A Amurka gobarar 1973 a ma'ajiyar takardun sojoji ta St. Louis ta cinye fayil sama da miliyan 16. Masu kuɗi da tsari ke nan fa.

To mu? Na ga fayil da ruwan damina ya jiƙa har shafuka suka manne, na ga wanda gara ta ci rabi. Mutum ya zo kati ya ɓata, a ce masa “Baba, je ka sayi sabo”, tarihin shekara goma ya tafi ke nan. Tsohon soja ya dawo daga Arewa maso Gabas kunne ɗaya ya mutu saboda tashin bam, a rubuta “ciwon kunne” a wuce. Ba a ce bam ba, ba a ce yaushe ba, ba a ce yana bakin aiki ba. Ranar da zai nemi haƙƙinsa, da wace takarda? Laifin ba na mai sa lamba kaɗai ba ne, don abin da likita bai rubuta ba, haramun ne mu ƙirƙira. Likitan kuma layi ya kai ƙofa, ga zafi, ba wuta. Na sani. Amma layi ɗaya ne fa: me ya faru, a ina, ƙarfe nawa, mene ne aikinsa.

Allah Ya kiyaye mu da yaƙi, amma tururin nan ba sai da yaƙi ba. A 1987 a Goiânia ta Brazil, 'yan gwangwan ne suka ɓalle wata tsohuwar na'urar gashin sankara daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar. Mutum huɗu suka mutu, aka auna sama da dubu ɗari. An yi sama da mako biyu ana ɗaukar aman nasu a matsayin wani ciwon daban kafin a gano. Ku tuna yawan ƙarfen da ke shiga kasuwar Ƙofar Ruwa kullum, sannan ku duba katin asibitinku, gurbin da aka ce a rubuta sana'a. A yawancin waɗanda ke biyowa ta teburina, ba a rubuta komai a wurin ba.